Dukan da ke ƙarƙashin kujera: yadda ake gane santa boris ya mutu, da yadda ake canja shi

Tambaya: Ina da tsohuwar Mercedes 190 ƙirar 1989. Kwanan nan in na taka totur daga tsaye sai ta kama girgiza, ina jin wani abu yana dukan ƙasan motar, dab-dab-dab, daidai bayan kujerun gaba. Da na wuce gudun kilomita 40 a awa sai dukan ya lafa, wani gurnani ya maye gurbinsa. An ce taya ce, na yi balansin, ba ta daina ba. Wani kuma ya ce santa boris ne. Yaya zan tabbatar kafin in sayi kaya, kuma aiki ne da zan iya yi da kaina?

Amsa: Malam, wanda ya ce maka santa boris ne ya fi kusa da gaskiya. Da jin yadda ka kwatanta dukan nan na tashi, ni ma can hankalina ya tafi. Sai dai kada ka sayi komai tukuna. A cikin motocin da na kwanta ƙarƙashinsu saboda wannan matsala, ba kasafai nake tarar da santa boris ya mutu don kansa ba. Yawanci akwai abin da ya kashe shi, kuma in ba a nemo wannan abin ba, sabon da za a sa sawun tsohon zai bi.

Motarka da tayoyin baya take ja, don haka akwai farfela, dogon bututun ƙarfen nan da ke ɗauko juyi daga giya ya kai wa aksul ɗin baya. A gajeriyar mota sanda ɗaya ya wadatar. In tazarar ta yi tsawo sai a raba ta biyu, domin dogon bututu in ya ɗau gudu yakan lanƙwashe yana wulwulawa ta tsakiya, kamar igiyar da yara ke tsalle da ita. Gudun kuwa ba na wasa ba ne. Taya irin taka tana juyawa wajen sau 850 a minti ɗaya in kana kilomita 100 a awa, farfela kuma tana ninka wannan sau uku da ɗoriya, gwargwadon haƙoran aksul. Ka ga ana maganar juyi kusan 3,000 a minti ke nan, a ƙarƙashin inda kake zaune. To tunda an raba ta biyu, dole a sami abin da zai riƙe mahaɗar a tsakiya. Shi ne santa boris.

Abu biyu ne a haɗe, kuma kowanne da irin mutuwarsa. Akwai boris ɗin kansa, rufaffe, da giris ɗinsa a ciki tun daga kamfani, ba a buɗe shi ba a ƙara masa. Sai kuma zoben roba mai taushi da ya kewaye shi, wanda aka manne a cikin wani bakan ƙarfe mai noti biyu da ke ɗaure a jikin mota. In robar ce ta yage, abin da za ka ji shi ne duka da girgiza lokacin tashi. Dalili kuwa, a giya ta ɗaya ne ƙarfin da ke bi ta farfela ya fi yawa, kuros ɗin da ke tsakiya kuma, wato gaɓar ƙarfe mai siffar gicciye da ke ba farfela damar lanƙwasa tana juyi, a ɗan karkace yake aiki, don haka yana tura farfelar gefe a kowane juyi. Roba mai lafiya takan shanye wannan turi. Yagaggiya kuwa sai ta bar ƙarfe ya daki ƙarfe. Da gudu ya ƙaru, nauyin ja ya ragu, sai farfelar ta daidaita kanta, dukan ya ɓace, mutum ya ɗauka ya warke. In kuma boris ɗin ne ya bushe, ba duka yake yi ba, gurnani ne ko kuka mai tashi da sauka tare da gudun mota. Kai ka kawo alamun biyun a tare, shi ya sa na ce maganar abokinka tana da tushe.

Gwajin farko ba ya buƙatar ko sifana ɗaya. Ka tsayar da mota, giya a firi, ka riƙa ba ta wuta a hankali har allurar juyin inji ta hau. In girgizar ta bayyana a tsaye, to farfela ba ta da laifi, domin ba ta juyawa a lokacin. Sai ka koma kan inji, robobin da yake zaune a kansu, ko salansa da ke taɓa bodi. In shiru ne, ka nemi hanya mai kyau marar cunkoso, ka kai gudun da gurnanin ya fi fitowa, ka mayar da giya firi, inji ya koma silo. Kada ka kashe shi, birki da sitiyari suna buƙatarsa. In sautin ya ci gaba yadda yake, matsalar tana bayan giya: farfela, aksul, boris ɗin taya, ko tayar kanta.

Daga nan kunne ne zai raba gardama. Boris ɗin taya yana canja murya in ka ɗan karkata sitiyari dama da hagu, saboda nauyin mota yana sauka a kansa yana ɗagawa. Aksul yana canja murya da ƙafarka: ka taka totur ya yi kuka, ka ɗaga ya yi shiru, ko akasin haka. Santa boris bai damu da sitiyari ba, bai cika damuwa da totur ba, gudu kawai yake bi. Girgizar ma akwai bambanci. Ta taya mai nauyi ce, kana iya jin kowane bugu, kuma in ta gaba ce a sitiyari take fitowa. Ta farfela ta ninka ta sauri sau uku, don haka ba jijjiga ba ce, wani zuuu ne da ke ratsa kujera da tafin ƙafa. Ka dubi madubin tsakiya: in motocin da ke bayanka sun zama dishi-dishi, farfela ce ke magana. Da an yi wannan gwajin tun farko, da ba a kai ga balansin ba.

Yanzu sai shiga ƙarƙashi. Ramin gareji ya fi, in babu, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, a ƙasa mai tauri, a tokare tayoyin da suka rage a ƙasa gaba da baya. Jak na ɗagawa ne, ba na kwanciya a ƙarƙashinsa ba. Ka bar salansa ta huce. A irin motarka akwai farantin kare zafi da ya rufe wurin, mai yiwuwa sai ka cire shi kafin ka ga abin da kake nema.

Kama farfelar da hannu biyu kusa da boris, ka tura sama da ƙasa, sannan gefe da gefe. A nan ne sababbin hannu ke yin kuskure: suna ganin ta motsa sai su yanke hukunci. Ai da gangan aka yi robar da taushi. Mai lafiya tana motsi kaɗan, tana yi maka gardama, ta mayar da farfela tsakiya da ka saki. Abin da ke nuna ta gama yayi shi ne tsaga da ta zagaye ta, ko ta rabu da ƙarfen da aka manne ta, ko ka ji ƙwas na ƙarfe in ka tura, ko ka ga farfelar ta zauna ƙasa, sararin da ke sama ya fi na ƙasa faɗi. Haska tocila sama, cikin kwarin da farfela ke bi. In ka ga wuri ya goge yana ƙyalli, ko baƙin garin roba a warwatse, ka sami shaidar dukan da kake ji.

Boris ɗin kansa ba a iya yi masa cikakken hukunci sai an sauke shi. Wasu sukan ɗaga mota, su sa giya tayoyi na juyawa a iska, su kara dogon sukundireba a jikin bakan ƙarfen su saurara. Yana aiki, amma ban yarda mutum ya yi shi a gida ba. Farfela mai juyi in ta kama hannun riga ba ta tambayar mai ita. Ka bari sai an sauke, ka juya shi da yatsa. In ka ji kamar da yashi a ciki, ko yana tsayawa yana wucewa, ya mutu. In kuma ya yi ta gudu shar-shar ba tsayawa, shi ma ya mutu, giris ɗinsa ya ƙare. Sabon boris yana da ɗan nauyin juyi, kuma shiru yake yi.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Me ya kashe shi?

Wanda na fi zargi kullum shi ne kuros. Lalacewarsa iri biyu ce. Akwai wanda ya saki, ka murɗa farfela gaba da baya ka ji ƙwas-ƙwas. Wannan kowa yana gane shi. Akwai kuma wanda ya ƙage, kuma shi ne munafukin. Ba ya motsi ko kaɗan, don haka in ka girgiza shi a jikin mota sai ka ce lafiyarsa lau. Alhali tunda ya ƙi lanƙwasa, duk lanƙwasar da ya kamata ya yi sai ta koma kan robar santa boris, tana shan ja da turi dubban sau a minti har ta yage. Alama ɗaya da ake gani daga waje ita ce jan garin tsatsa a bakin kofunansa huɗu, wanda ke nuna alluran ciki sun bushe suna cin juna. Tabbaci kuwa sai farfela na ƙasa: ka lanƙwasa kuros ɗin ta fuskokinsa biyu, a hankali, daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya kamata ya tafi sumul. A tsofaffin motoci akan ji ɗan cijewa daidai tsakiya, inda ya shekara da shekaru yana aiki a wuri guda. In ɗan kaɗan ne nakan ƙyale. In sai ka sa ƙarfi kafin ya wuce wurin, ko fuska ɗaya ta fi ɗaya tauri sosai, sabon santa boris ba zai daɗe ba. Matsalar ita ce a Mercedes da BMW na wancan zamani ba kilif ne ke riƙe kofunan kuros ba, dandaƙe bakin ƙarfen aka yi a kansu, kuma babu inda ake ɗura masa giris. Canja shi aikin masu gyaran farfela ne da ke da injin balansin, ko kuwa a nemo wata farfelar mai lafiya. Gara ka san wannan kafin ka kashe kuɗi a kan roba.

Na biyu, faifan roba. Motarka tana da guda biyu, ɗaya tsakanin giya da farfela, ɗaya tsakanin farfela da aksul, kowanne da bol shida. Duba kewayen ramukan bol ɗin. In akwai tsaga, ko zaren ciki ya leƙo, ko faifan ya karkace kamar busasshen ganye, a canja shi yanzu da farfela ke ƙasa. A tsakiyarsa, cikin bakin farfela, akwai ɗan bushin da ke hawa kan tsinin da ya fito daga giya, shi ke tsayar da farfela a cibiya. Ƙaramin abu ne, ana yawan mance shi, amma in ya ci, bakin farfela yawo yake yi.

Sai robar da gindin giya ke zaune a kai. In ta lotse, giya ta sauka ƙasa da 'yan milimita, layin farfela ya karkace, santa boris ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Sa ƙarfe ka ɗan ɗaga gindin giyar. In ta tashi ba gardama, robar ta rabu. Ka kuma duba ko mai na ɗiga daga sil ɗin bayan giya, domin iska tana kwasarsa ta fesa baya, mai kuwa yana narkar da roba ya mayar da ita kamar danƙo. In ka tarar babu farantin kare zafi, wani ya taɓa cirewa ya jefar, to salansa ce ke gasa robar. In duk waɗannan lafiya suke, sai mu ce tsufa ne. Robar da ta haura shekara talatin ba ta ci bashin kowa ba.

Kan sayen kaya, ka sayi roba da boris tare ko da ɗaya ne ya mutu, domin wahalar saukewa ɗaya ce. A wasu motocin a haɗe suke zuwa, a irin taka akan sayar da su daban. Lambar da na fi cin karo da ita a tsofaffin Mercedes da BMW ita ce 6006, rami milimita 30, faɗin waje 55, kauri 13, mai rufi ta fuska biyu. Duk da haka ka karanta lambar da ke jikin tsohon, ka kuma ɗora sabuwar robar a kan tsohuwar ka gwada ramukan noti. Haɗa da robar da ke rufe haƙoran mahaɗa, inda rabin farfela biyun ke shiga juna, da sababbin notuna masu kulle kansu na faifan, domin irinsu sau ɗaya ake ɗaurawa. Ka guji roba mai tauri kamar dutse. Wasu suna ganin tauri shi ne ƙarko, alhali duk ƙarar da ya kamata ta shanye cikin mota za ta turo maka. Masu cusa yankin tsohon tub a cikin yagaggiyar roba kuma, ban ce ba ya kai mutum gida ba, amma gida kawai.

Shin za ka iya da kanka? In ka taɓa canja birki ko shokazoba, za ka iya. Ka ware yini guda. Abin da zai ci maka lokaci ba farfela ba ce, notunan salansa ne da suka yi tsatsa, don haka ka fesa musu man kwance tsatsa tun daren jiya.

Kafin ka taɓa noti, ka riƙe wannan: da zarar an raba farfela da aksul, giya ba ta riƙe mota. Ko ka sa ta a P, ko a giya ta ɗaya, babu abin da ya haɗa ta da tayoyi. Tokara da hanbirki ne kawai ke tsakaninka da motar.

Sauke salansa ko ka sassauta ta ta yi ƙasa, cire farantin kare zafi. In ƙarfen da ke tallafe giya ya tare maka hanya, ka tallafe giyar da jak da guntun katako kafin ka cire shi. Sannan alama. A nan zan daɗe, domin nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Ka ja layi daga farantin giya, wato ƙarfen bayan giya da ake ɗaure faifan roba a kansa, zuwa faifai zuwa farfela. Ka ja wani a baya wajen aksul. Mafi muhimmanci, ka ja layi da ya ratsa rabin gaba da rabin baya, daidai inda haƙora suka shiga juna. Ba da alli ba, alli yana bin hannu mai maiƙo. Da fenti, ko ka ɗan buga tabo da ponci, ƙarfen nan mai tsini da ake bugawa da guduma. Dalili shi ne a kamfani haɗe aka yi wa rabin biyun balansin, kamar abu guda. Ƙananan faci-facin ƙarfen da za ka gani an yi musu walda a jikin bututun, su ne nauyin da aka daidaita da shi. Ka juya rabi ɗaya da haƙori biyu ko uku, ka rushe wannan lissafin. A motocin da ke da kuros fiye da ɗaya abin ya fi muni, domin kuros a karkace ba ya juyi daidai, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye, ɗan'uwansa ne ke soke masa wannan rawar, kuma ba zai iya ba sai kunnuwansu suna kan layin da aka tsara.

Ina yaron gareji na taɓa zare wata farfela ba alama, ina ganin ai haƙora ne, duk inda suka shiga sun shiga. Mota ta zo da duka a kilomita 20, ta fita da girgiza a kilomita 90 wadda ba ta zo da ita ba, gyaran gangar Auzinawa sosai. Kwana biyu muka yi muna saukewa muna matsar da haƙori ɗaya muna fita gwaji. Maigidana bai ce mini komai ba, ponci kawai ya miƙo mini. Wasu farfelolin suna da alamar kamfani, ɗan tudu a nan da ɗan tudu a can, amma kada ka dogara da ita. Ba ka san hannu nawa suka riga ka shiga wurin ba. Ka mayar da ita yadda ka same ta, in dai ba ta girgiza a gudu kafin matsalar nan ta fara.

A yawancin Mercedes na wannan zamani akwai wani ƙaton noti a mahaɗar, na sifana 41 ko 46. In taka tana da shi, sassauta shi kawai za ka yi, kamar zagaye biyu, ba cirewa ba. Wannan ne ke ba farfela damar shigewa cikin juna ta gajarce, har bakinta ya sauka daga tsinin giya. Kwance bol uku-uku da suka haɗa faifai da farantin giya da na aksul, ka bar faifan a jikin farfela. Hannayen ƙarfen faifan sukan cije a cikin farantin, sai an ɗan ɓanɓare su da ƙarfe. Notunan santa boris su ne na ƙarshe, kuma ka lura ko akwai washa ko ɗan ƙarfen cika a ƙarƙashinsu, kowanne ya koma inda ya fito. A samu mai riƙe maka ɗaya ɓangaren. Kada a bar farfela ta karye biyu tana lilo a kan kuros, wannan kaɗai yana iya ɓata kuros mai lafiya.

Ga masu wasu motocin da za su karanta wannan: inda bakin farfela ke zurawa cikin gindin giya kai tsaye, man giya zai biyo shi in aka zare, sai a tanadi abin toshewa. A Toyota Hilux akwai faranti a tsakiya da babban noti da aka dandaƙe bakinsa, sai an buɗe dandaƙar kafin ya kwance. Peugeot 504 kuwa nata tsarin daban ne, farfelarta a cikin wani bututu take, wannan bayanin bai shafe ta ba.

Farfela na kan benci, zare rabin gaba. A taka, boris ɗin yana kan wuyan da ke gaban kuros, a rabin baya. Kafin ka cire komai ɗauki hoto da waya, domin robar tana da gaba da baya, murafun ƙura ma haka, kuma bayan awa ɗaya ba za ka tuna ba. Jera duk abin da ka cire a kan tsumma bi da bi. In akwai kilif, cire shi. Sa fula mai hannu biyu, wato ƙarfen zare boris, ka jawo shi. In babu fula sai guduma, to a bi shi a zagaye kaɗan-kaɗan, kuma kada guduma ta taɓa bakin haƙora, in suka buɗe ba za su sake shiga ba. In kuwa boris ya zame da hannu ba gardama, tsaya ka duba mazauninsa. Wannan na nufin zoben ciki na boris ɗin ya daɗe yana juyawa a kan wuyan yana cinsa. Za ka ga wurin ya yi santsi ya rame. Masu buga masa tabo da ponci don ya cije suna sayen 'yan watanni ne kawai.

Sa sabo yana da ƙa'ida ɗaya: ƙarfi ya bi ta zoben da ake shigarwa. In kana tura boris cikin roba, zoben waje za ka danna. In kana hawar da shi kan wuyan farfela, zoben ciki kaɗai. Nemi guntun bututu da bakinsa ya zauna daidai kan zoben ciki, goge wuyan tas, shafa ɗan mai, ka buga a miƙe har ka ji sautin ya canja, alamar ya kai maƙura. In ka bugi zoben waje a wannan mataki, ƙarfin ta cikin 'ya'yan boris zai ratsa, su yi tabo a hanyarsu, kuma tun makon farko za ka ji gurnanin da ka biya kuɗi don ka rabu da shi. Kada a kusanto da wuta, tana narkar da giris ta ƙona rufin. Juya shi da yatsa ka tabbatar murfin ƙura ba ya gugar komai. Shafa giris kaɗan a haƙora da cikin bushin gaba, sa robar rufi, haɗa rabin biyun alama kan alama.

Wajen mayarwa, a fara kama kowane noti da hannu, kada a ɗaure ko ɗaya sai duk sun shiga. A faifan roba, ɓangaren da ke jingine da ƙarfen faranti ake juyawa, a riƙe wanda ke kan roba, don kada a murɗe ta a bar ta cikin ja. Notunan santa boris biyu da ƙaton notin nan kuwa a bar su sako-sako tukuna. Sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, a tura ta gaba da baya sau da yawa, farfela ta nemi tsawonta da kanta, santa boris ya zauna inda yake so. Sannan a ɗaure, shi ya sa na ce rami ya fi. In ka ɗaure su mota na rataye a sama, da an sauke ta robar za ta kasance a jaye dare da rana, ko mota na tafiya ko tana tsaye. Ƙaton notin ba ya son ɗaurin ƙarfi, domin haƙoran suna buƙatar ɗan zamewa. Bi adadin da littafin motar ya bayar, da sifana mai auna ɗauri. Kowane kamfani da nasa tsarin a wannan gaɓar. A BMW E36 tura bakan ake yi gaba da milimita 4 zuwa 6 kafin a ɗaure. A Hilux ana ɗaure notin tsakiya da ƙarfi don boris ya zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa a adadi mafi ƙasa, a dandaƙe bakinsa. Kada ka ɗauki na wannan ka kai wa waccan.

Mayar da farantin kare zafi, ko da notinsa ɗaya ya karye, a nema masa wani. Sannan ka fita gwaji a hanyar da ka yi na farko, rediyo a kashe. Tashi daga tsaye da ɗan ƙarfi sau uku ko huɗu. In dukan ya tafi kuma madubi ya yi garau har kilomita 100, aiki ya yi. In dukan ya tafi amma wata sabuwar girgiza ta fito tsakanin 80 da 100, fara da mafi sauƙi: sassauta notunan santa boris, sake tura mota, sake ɗaurewa. In ba ta tafi ba, duba alamunka, sannan ka bi jikin bututun ka ga ko akwai tabon walda inda wani facin nauyi ya faɗi. In kuwa girgizar tashi tana nan, ta dai yi laushi saboda sabuwar roba, koma kan kuros da robar gindin giya.

Kafin ka samu ranar yin aikin, ka riƙa tashi a hankali, kada ka ɗora mata kaya, kuma ka haƙura da doguwar tafiya. A kusa da kwarin nan wayar hanbirki take bi, bututun mai da na birki ma ba su da nisa, kuma farfelar da robarta ta gama rabuwa ba ta zaɓen abin da za ta daka. Bayan gyara, in ka yi kamar kilomita 200, sake shiga ƙarƙashi da sifana ka taɓa notunan faifan guda goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya.